“An ba shi guba”: wa ya gani, da me aka auna?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Likitocin gidan nan don Allah ina da tambaya, abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Wani maƙwabcinmu a nan Anguwar Rogo ya rasu daren Talata, magidanci ne, bai kai hamsin ba. Ranar girkin amarya ce. Ya ci tuwo bayan isha'i ya kwanta, wajen ƙarfe ɗaya ya tashi da amai, kafin a samo mota a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Masu wanka sun ce akwai kumfa a bakinsa. Yanzu unguwa ta ɗauka wai amarya ce ta zuba masa wani abu, yarinyar ko tsakar gida ba ta iya fita. Shin kumfa a baki tana nufin guba ce?

Ɗan Gangare: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa. Amma Anti, biri ya yi kama da mutum fa. Mutum lafiyarsa ƙalau ya ci abinci, kafin asuba babu shi, ga kumfa. Me ya rage a tambaya?

Dakta Hadiza: Allah ya gafarta masa. Ɗan Gangare, komai ma ya rage. Aikina ke nan, binciken gawa, kuma kumfa na cikin abubuwan da na fi gani. Idan zuciya ta gaza ruwa yana taruwa a huhu, ya gauraya da iska ya fito ta hanci da baki. Mai farfaɗiya yana kumfa, wanda ruwa ya ci yana yi, wanda Tramadol ya yi wa yawa yana yi, wanda ya sha maganin ƙwari ma yana yi. Kumfa tana gaya min huhu ya cika da ruwa, ba ta gaya min abin da ya cika shi ba. Magidanci mai hawan jini da bai san yana da shi ba yana iya cin tuwo lafiya ya mutu da tsakar dare, kuma irin waɗannan sun fi masu guba yawa nesa ba kusa ba.

Ɗan Gangare: To amma aman fa, Dakta?

Dakta Hadiza: Bugun zuciya ma yana zuwa da amai da gumi. Da yawa sun ɗauka gyambon ciki ne ya tashi, suna neman madara har lokaci ya ƙure.

Famasis Auwal: Bari in ɗora a kan maganar Dakta. Darasin farko da ake koya mana shi ne babu wani abu da sunansa guba shi kaɗai. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, shi ake jingina wa ƙa'idar: kowane abu guba ne, adadi ne yake raba magani da guba. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa, babban mutum kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500. Wanda ya zarce sosai hanta ce take biya, kuma mugun abin shi ne ranar farko yana iya yawo kamar ba komai, sai a kwana biyu ko uku idanu su yi ɗorawa. Gishirin miya ma in ya yi yawa yana kashe jariri. Bayan adadi sai hanyar shiga, ta baki ne, ta numfashi, ta fata ko ta allura. Sai shi kansa mutumin: shekarunsa, nauyinsa, lafiyar hantarsa da ƙodarsa, da ko jikinsa ya saba. Abin da ɗan ƙwaya zai haɗiya ya hau babur, wani in ya sha sai dai a ɗauke shi.

Baba Alhaji: Auwalu, wannan boko ne kawai. Shinkafar ɓera guba ce, zuma magani ce. Kowa ya san wannan tun kafin a haifi Baturen naka.

Famasis Auwal: Allah ya ƙara girma Baba. To ga wani abin mamaki. Akwai maganin ɓera da yake hana jini daskarewa, sunansa wafarin. Shi ɗin dai muke ba masu ciwon zuciya a asibiti don kada jininsu ya yi guda, da awo. Ga kuma zaƙami, wanda samari ke zubawa a zobo a wajen biki yara su haukace. Cikin abin da ke cikinsa akwai atirofin. Idan aka kawo mana wanda ya sha fiya-fiya, atirofin ɗin nan shi ne allurar da ake ta ɗura masa har ƙirjinsa ya bushe. Gubar wancan ita ce maganin wannan. Zuma kuma da Baba ya ambata, ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Baba Alhaji: Ikon Allah. Na ji ta ɓera, ta zumar ce ban yarda ba.

Hauwa Rikkos: Dakta ni tambayata, in mutum ya zo da rai, ta yaya kuke gane abin da ya sha alhali bai faɗa ba?

Dakta Hadiza: Kowace guba tana da sawunta. Ba alama ɗaya ake bi ba, tarin alamu ake haɗawa. Fiya-fiya da Sniper dangi ɗaya ne: baƙin ido ya tsuke ya koma kamar kan allura, yawu yana dalala, gumi, hawaye, gudawa, naman jiki yana rawa, ga wari mai kama da na kananzir ko tafarnuwa a jikinsa da kayansa. Zaƙami kishiyar haka ne, baƙin ido ya buɗe, baki ya bushe ƙamas, jiki zafi, mutum yana kamun abin da babu. Tramadol da kodin, ido ya tsuke, numfashi ya ja baya. Gurɓatacciyar barasa mai metanol ido take fara tafiya da shi, kamar yadda ya faru a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015, inda aka fara cewa fushin abin bauta ne kafin gwaji ya nuna metanol. Amma duk wannan zato ne mai ƙarfi, ya isa a fara magani, bai isa a ɗaure mutum ba. Kotu sai da sakamakon ɗakin gwaji.

Sista Ladi: Ina gaisuwa jama'a. Ni tsohuwar nas ce, na daɗe da yin ritaya, kuma duk lokacin da aka ce guba ba amarya nake tunawa ba, 1990 nake tunawa. Yaran yanzu ba su san abin da ya faru a garin nan ba. Tsakanin Yuni da Satumba na shekarar yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Yaro zai zo da zazzaɓi da amai, sai fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, jiki ya kumbura, cikin kwanaki a rasa shi. Uwa tana ba shi ruwan farasitamol don ya samu sauƙi, ashe abin da ke kashe shi ke nan. An haɗa maganin da dayetilin gilaikol, sinadarin masana'antu mai zaƙi, a maimakon wanda ya kamata. Da na Ibadan aka haɗa, yara 109. Shekara uku bayan nan aka kafa NAFDAC. Kuma bai hana a sake ba, a 2008 maganin haƙori na My Pikin ya tafi da yara 84, sinadarin dai shi ne. A Gambiya ma an sake gani a 2022. Da ba a auna ba, da iyayen nan har yau wani yana zargin kishiya, wata tana zargin mayya.

Hauwa Rikkos: Subhanallahi. Mama Ladi ban taɓa jin wannan ba kuma a Jos aka haife ni.

Sista Ladi: 'Yata ai ba a son tunawa. Maman Ilham, bari in yi tambayar da ba wanda ya yi. Da wannan sanyin da ake zubawa, an shiga da kaskon wuta ɗakin? Ko janareta yana kusa da taga?

Maman Ilham: Mama wallahi ban sani ba, amma ba su da janareta. Kasko kam kowa yana yi a layinmu tun da hunturu ya shigo. Abin da na ji shi ne ita ma amaryar ta tashi da ciwon kai da jiri a daren, har ta yi amai, matan gidan suka ce iya shege ne, tana so ta rufe abin da ta yi.

Dakta Hadiza: Mama Ladi ta taɓo inda nake son zuwa. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana kama sinadarin jan jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai jini ya yi ta zagayawa babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Farko ciwon kai, jiri, amai, kasala, daga nan barcin da ba a tashi. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya ya mutu ɗaya ya rayu, ba abin mamaki ba ne: wanda yake da matsalar zuciya ko ya fi kusa da kaskon shi yake fara tafiya. A gawa jinin yana zama ja jawur, haka tsoka. Littattafan Turawa suna cewa a duba fata, amma a baƙar fata irin tamu ba kasafai ake gani ba, sai a ƙarƙashin farce da cikin leɓe.

Ɗan Gangare: To Dakta, ke ma ga shi kin koma zato. Mu mun ce tuwo, ke kin ce gawayi. Meye bambancin?

Dakta Hadiza: Ka yi gaskiya ƙanena, kuma ban ce gawayi ne ba. Ban ga ɗakin ba, ban ga gawar ba. Bambancin kawai shi ne ni na lissafa abu uku da za su iya zama, zuciya, hayaƙi, ko wani abu a abinci, na ce a auna. Ku kun zaɓi ɗaya kun ɗora wa mutum. Abin takaicin ma, da a daren aka ɗebi jinin amaryar da an gani. Iskar tana fita daga jinin mai rai, rabinta yana tafiya cikin kamar awa huɗu zuwa biyar in yana shaƙar iska ta waje. Yau kwana uku, babu abin da za a samu a jikinta.

Ɗan Gangare: Sauran tuwon fa? A da ai kare ko kaza ake ba wa a gani.

Famasis Auwal: Wannan gwajin ba ya tsayawa a gaban kowa. Jikin dabba daban. Akuya tana cin ganyen da zai kwantar da mutum, kare kuma cakulan ma yana iya kashe shi. In kaza ta mutu ba ka san me ya kashe ta ba, in ta rayu ba ka wanke kowa ba. Amma dabba tana iya zama ishara. A Zamfara a 2010 agwagi ne suka fara ƙarewa a ƙauyuka kafin a farga da yara. Ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar dalma tana sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe. Yaro ya yi ta suma da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba. Sai da aka auna jini aka ga dalma. Yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. Wannan ita ce guba mai bin hankali, ta wata da watanni, ba ta dare ɗaya ba.

Barista Jummai: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangaren shari'a. Wanda ya ce an kashe mutum da guba, abu uku ke kansa: ya nuna gubar ce ta kashe shi, ya nuna wanda ake tuhuma ne ya ba shi, ya nuna da niyya ya yi. Kowanne sai da hujjar da ba ta bar kokwanto ba. Yawancin ƙararraki a na farkon suke faɗuwa, domin an riga an binne, an wanke kwano, an share aman. Ko an samu samfur ma, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai tambaya: wa ya ɗeba, a cikin me, wa ya rufe ya sa hatimi, wa ya kai, a hannun wa ya kwana? In aka samu gurbi ɗaya da ba sa hannu, sai ya ce an canza a hanya, kuma alƙali zai saurare shi. Su kuma masu yaɗa cewa wance ta kashe mijinta su sani ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code, ana iya maka mutum a kotu a kai.

Hauwa Rikkos: Dakta me ake ɗeba ne a jikin mamaci? Ni na ɗauka ciki kawai ake dubawa.

Dakta Hadiza: Ciki yana nuna abin da aka haɗiya ne, ba abin da ya shiga jiki ya yi aiki ba. Jini ne babba, kuma daga jijiyar cinya muke ɗeba, ba daga zuciya ba, domin bayan mutuwa magunguna suna tsiyayowa daga hanta da huhu su taru a jinin ƙirji, sai awo ya nuna adadin da ya fi na gaskiya. Sai fitsari, da yankin hanta, da ruwan cikin ido, wanda yake jinkirin lalacewa saboda a killace yake. Gashi kuma kamar kundin tarihi ne, yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, to in an daɗe ana ba mutum wata guba irin asinik za a iya bin tsawon gashin a ga lokacin. Akwai tarkuna da yawa. Gawa in ta fara ruɓewa ƙwayoyin cuta suna haifar da barasa a cikinta, sai a ga barasa a jinin wanda bai taɓa kurɓa ba. In an yi wa gawa allurar fomalin ta hana ruɓewa a mutuware kafin a ɗebi samfur, an gama ɓata lissafi, shi kansa ruwan yana ɗauke da metanol. Kuma samun abu a jini ba shi ne ya kashe ba. Mai ciwon suga za a ga maganin suga a jininsa. Tambayar kullum ita ce nawa ne, kuma ya isa ya kashe irin wannan mutumin?

Famasis Auwal: Fannin binciken guba ma a kan irin wannan rigimar ya ginu. A Turai asinik ya daɗe yana cin mutane ana cewa kwalara ce, don alamun sun yi kama. Sai a 1836 wani masanin sinadarai a Ingila, James Marsh, ya fito da gwajin da ke kama shi ko kaɗan ne. A 1840 aka yi shari'ar wata mata a Faransa, Marie Lafarge, da aka ce ta kashe mijinta, masu gwajin farko suka yi ta saɓa wa juna, sai da aka kira Mathieu Orfila daga Faris ya sake gwadawa ya tabbatar da asinik a gawar. Shi ake kira uban wannan ilimi.

Baba Alhaji: Duk na ji. Amma ni dai ba za a yanka min ɗa ba bayan ya mutu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Kuma an ce a gaggauta jana'iza. Sannan sammu fa? Wace na'ura ce take ganinsa?

Malam Sabi'u: Baba hadisin ya tabbata, Abu Dawud ya ruwaito shi, kuma shi ya sa asali haramun ne a taɓa gawa ba dalili. Amma malamai sun duba inda haƙƙin rai ya shiga. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka ta yi zama a 1987 ta halatta binciken gawa idan alƙali yana buƙatarsa don gane sanadin mutuwa a tuhumar kisa, ko don gano cutar da za a kare jama'a daga gare ta, da sharaɗin a tsaya iya buƙata a kuma binne komai. Guba kuma ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, a Khaibar an sa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, guba a naman akuya, sahabi Bishr ɗan Bara'u ya rasu ta dalilinta. Abin da ya fi tsorata ni a labarin nan ba wuƙar likita ba ne, harshen unguwa ne. Mun ƙi a duba mamaci don mutuncinsa, mun kuma kama mutuncin mai rai muna yagawa.

Dakta Hadiza: Baba, sammu ba fannina ba ne, na bar wa su Malam. Ni abin da ke da nauyi da adadi nake aunawa. Kuma ba kullum sai an buɗe gawa ba. Jinin cinya da fitsari da ruwan ido duk da sirinji ake ɗeba, minti kaɗan ne, a yi jana'iza a kan lokaci. Bai kai cikakken bincike ba, ba zai nuna min zuciyar ba, amma ya fi babu.

Baba Alhaji: In allura ce kawai, wannan da sauƙi. Ban san ana yi ba.

Sista Ladi: Tunda an taru, roƙo ɗaya. Ku daina ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara, ku daina sa masa yatsa a maƙogwaro. Yaron da ya sha kananzir daga gorar lemo, ba cikinsa ne abin tsoro ba, huhunsa ne, in aka sa shi amai nan yake shaƙa. Wanda ya sha sodar sabulu kuma ta ƙona shi da shiga, ta sake ƙona shi da fita. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar abin da ya sha a tafi asibiti da ita. Mu mutanen Langtang haka muka sha fama a kan saran kububuwa, ana tsaga ana ɗaurewa ana tsotsa, har mutane suka koyi wucewa asibitin Zamko kai tsaye.

Ɗan Gangare: Na ji ta manja, a gidanmu ma haka ake yi. To Barista, yanzu da aka binne shi ke nan?

Barista Jummai: Ba lallai ba. In dangi suka kai ƙorafi wajen 'yan sanda, majistare mai binciken mutuwa yana da ikon ba da umarnin tono gawa. Amma ba na jin akwai wanda zai yarda a gidan.

Dakta Hadiza: Kuma kowace rana tana rage abin da za a samu. Ƙarafa irin asinik da dalma suna shekaru a gashi da ƙashi, har ƙasar kabarin ake ɗeba don a tabbatar ba daga ita suka shiga ba. Maganin ƙwari kuwa yana rushewa. Maman Ilham, kafin a kai ga nan akwai masu sauƙi. A tambaya ko asibitin da aka kai shi sun ɗebi jini. A duba ko yana da katin asibiti ko maganin hawan jini a ɗakin uwargida. A tambayi wa da wa suka ci tuwon nan, daga tukunya ɗaya.

Maman Ilham: Yanzu na dawo daga gidan. Tuwon har almajirai biyu sun ci, suna nan lafiya, amma matan sun ce ai a kwanonsa aka zuba. Kwanon an wanke tun ranar. Kasko kuma na gan shi da idona a bayan ƙofar ɗakinta, da tokarsa. Uwargida ta ce ya taɓa shan maganin hawan jini bara ya daina da ya ji sauƙi. Asibitin sun ce da gawa aka zo musu, ba su ɗebi komai ba.

Ɗan Gangare: Kai. To yanzu wanne ne a ciki?

Dakta Hadiza: Ban sani ba, kuma babu wanda ya sani a layin nan.

Maman Ilham: Baban yarinyar ya zo daga Bukuru zai tafi da ita, yayyen mamacin sun ce sai ta gama takaba a ɗakinta. Malam Sabi'u, don Allah ko za ka samu zuwa gobe bayan la'asar? Limaminmu zai zauna da su, na ce masa zan nemo wanda zai taya shi. Dakta, in ba damuwa zan karanta musu abin da kika rubuta a kan kumfa da gawayi.

Malam Sabi'u: In sha Allahu zan zo. Ki turo min kwatancen gidan.

Dakta Hadiza: Ki karanta, amma har da inda na ce ban sani ba. Kuma a fitar da kaskon nan daga ɗakin kafin ta kwanta yau.